Kaset ɗin Mamman Sani na 1978

Jama'a yau kwana uku kenan ba na sauraron komai sai kiɗan Mamman Sani Abdoulaye, wani bawan Allah ɗan Nijar da ya naɗi kaset ɗinsa na farko a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai a 1978. Shi kaɗai ne da ogan ɗinsa, irin piyanon nan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, ba 'yan amshi ba hayaniya, amo ɗaya zai kama ya yi ta juya shi a hankali a hankali har sai ka ji jikinka ya yi sanyi kamar ka zauna ƙofar gida bayan la'asar iska na kaɗawa.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, mutanen Nijar sun yi shekara da shekaru suna jin kiɗan nan a rediyo da talabijin, ana sa shi tsakanin shiri da shiri, amma kaset ɗin kansa kaɗan aka buga kuma ya ɓace. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds, ya ci karo da shi a Yamai, ya nemo mai shi, aka sake fitar da shi a faifai a 2013. Shekara 35 fa! Ban ga laifin Kirkley ba ko kaɗan, ya kyauta wallahi, amma ni dai yana min ciwo a ce abu na gidanmu sai baƙo ya kakkaɓe masa ƙura kafin mu waiga.

Na kunna wa wani abokina, ko minti biyu ba a yi ba ya ce wai wannan ai abu ɗaya ake ta maimaitawa. To malam, mai gurmi fa? Mai kukuma fa? Zauna ka saurari kalangu da kyau, ai zagaye ɗaya ne ake ta komawa kansa, daɗin yana cikin ɗan canjin da ke shigowa ba ka ankara ba. Shi kansa Steve Reich da Turawa ke ji da shi a wannan salo na taƙaita kiɗa, sai da ya je Gana a 1970 ya zauna gaban makaɗan ƙabilar Ewe ya koya, ya koma ya fitar da kiɗansa mai suna Drumming a 1971. Mu da muka tashi cikin abin kuma mu ne muke cewa ba kiɗa ba ne.

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba kam. Midori Takada ta Japan ta yi faifanta a 1983 ba wanda ya kula, sai da YouTube ya riƙa jefa wa mutane shi sannan aka sake bugawa a 2017. Na William Onyeabor na Inugu ma kamfanin Luaka Bop na Amurka ne ya tattaro su a 2013.

Shi ya sa tun jiya hankalina ke kan kwalin kaset ɗin mahaifina da ke saman durowa a gida, rabonsa da a buɗe shi an fi shekara goma, kuma zafi da ƙura ba sa barin zaren kaset. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan sauko da shi. In akwai mai rediyon kaset da ke aiki har yanzu a cikinku, don Allah ya min magana ta inbok.