Ku ajiye dutsen nan, ƙannena

Assalamu alaikum. Da ku nake, samarin unguwa, musamman ku da muke haɗuwa a majalisa bayan la'asar. Wata magana ce ta daɗe tana ci mini rai, na ga gara in rubuta ta ta kai ga wanda ba ya zama da mu.

A bazarar bara, ina dawowa ta wajen Ƙofar Marusa da yamma, na tarar da yara sun yi cincirindo a bakin wani kwalbati. Wata karya ce suka rutsa, suna ta yi mata ruwan duwatsu. Kafin in kafe babur in isa wurin, ta riga ta daina motsi. Yaran ba su ba ni haushi kamar samarin da ke gefe ba, masu gemunsu, ɗaya ma ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo, ana ta shewa. Na yi mamakin abin da ya hana ta gudu, don kowa ya san karen titi ko sunkuyawa ka yi zai ranta a na kare. Da na tsuguna na leƙa cikin kwalbatin sai na ga dalili. 'Yan kwikwiyo biyar ne a dunƙule, idonsu bai daɗe da buɗewa ba. A bakin ramin 'ya'yanta ta tsaya har aka kashe ta.

Na ce wa mai wayar, "Kai yanzu ba ka ji tsoron Allah ba?" Ya dube ni ya ce, "Haba Yaya, ai kare ne."

Wannan kalma ta "ai kare ne" ita nake so mu tsaya a kanta, domin da yawanmu mun ɗauka addini ne ya ba mu ita. Mun taso ana ce mana kare najasa ne, sai muka ƙara da namu, muka mayar da shi abin jifa. Ku koma wajen malamanku ku tambaya. A mazhabar Imamu Malik da muke karantawa a zaurukan Katsina, kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki kuma umarni ne da ake bi don bauta. Ko a wajen malaman da suka ce yawunsa najasa ne, hukuncin wankewa suka kawo, babu wanda ya ce a azabtar da shi. Bukhari da Muslim sun rawaito labarin mutumin da ƙishirwa ta kama a hanya, ya shiga rijiya ya sha, ya fito ya ga kare yana lasar danshin ƙasa, ya koma ya ciko huffinsa da ruwa, ya riƙo shi da baki ya hauro ya shayar da karen, Allah Ya gafarta masa. Sahabbai suka tambaya ko akwai lada a kan dabbobi, Manzon Allah (SAW) ya ce akwai lada a kan duk mai ɗanyar hanta. Akwai kuma matar banza daga Bani Isra'ila da aka yafe wa saboda irin wannan aiki, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Duk mun ji waɗannan a wajen tafsiri. Abin da ya rage mana shi ne mu gane cewa karen da ke cikin hadisin irin wannan ne da ke kwance a inuwar shagonka, harshe waje, a watan Afrilu da zafin Katsina ke haura digiri 40.

Ban ce ku kwaso karnuka ku sa a ɗaki ba. Hadisi ya tabbata cewa mala'iku ba sa shiga gidan da akwai kare, kuma wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa ƙiraɗi na lada kullum, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu. Wannan iyaka ce, muna tsayawa a kanta. Amma malamai da yawa sun shigar da gadin gida cikin abin da aka yi rangwame idan akwai buƙata. Ana ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risalar da muke biyawa, cewa katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, sai ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya ƙi hakan. Ya ce da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. Wanda yake da dangi a Batsari ko Jibiya ko Safana ba sai an yi masa sharhin wannan magana ba.

Ku tambayi kanku ma, daga ina karnukan nan suke fitowa? Ba daga sama suka faɗo ba. Wani na mafarauci ne, ya tsufa ko ya karye, aka daina fita da shi, aka daina ba shi dusa. Wani mutanen ƙauyensu ne suka gudo daga 'yan bindiga da abin da hannu zai iya ɗauka, shi kuma ya biyo hanya. Wani kuwa, kuma nan ne laifin ya dawo kanmu, saurayi ne ya sayo ɗan kwikwiyo don burga, ya yi ta hoto da shi, da ya girma cinsa ya ƙaru, ko kaska da ƙazuwa suka kama shi, sai ya ɗora shi a babur ya kai bayan gari ya sako. Karya tana ɗaukar ciki na kwana 63 ko kusa da haka, tana iya haihuwa sau biyu a shekara, kowane karo biyar ko shida ko fiye. Ga bola a kowace kwana, ga ragowar da ake zubarwa a bayan mahauta. Ku yi lissafin da kanku.

Na san abin da wani zai ce: haukan kare fa? Gaskiyarka, kuma a nan nake so ku fi buɗe kunne, don tausayin da babu sani a cikinsa yana iya kai mutum kabari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma har kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗauka. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Yawanci sai an yi wata biyu ko uku ba a ga komai ba, ciwon ya warke, kowa ya manta. Ranar da alamu suka bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to kusan babu mai tashi. Amma duk da munin nan nata, cuta ce da ake iya tarewa tsaf. Tun 1885 wani masanin kimiyya mai suna Louis Pasteur ya fara yi wa mutum allurarta a Faransa, shi ya sa ake ranar yaƙi da ita a duniya kowace 28 ga Satumba, ranar da Pasteur ya mutu. A ƙasar nan ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar karnuka. Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa.

To ina jifa ta shigo a nan? Ba ta shigo ba ko kaɗan. Yaron da ya rutsa kare a lungu shi ya fi kowa kusa da cizo. Masu zuba guba a nama kuma, sun kashe goma yau, kafin wata uku wasu goman sun zo sun gaje bolar, tunda abincin na nan, a tsakani kuma gubar ta kwashe kajin maƙwabta da ungulu da karen wani da ya sha allurarsa. Karen da ke da mai shi, ana ba shi abinci, ana kai shi allura, shi ne katanga tsakanin 'ya'yanmu da mahaukacin da zai ɓullo daga daji.

Idan kuma ƙaddara ta sa kare ya ciji wani ko ya yakushe shi, don Allah ku riƙe wannan ku kai wa iyayenmu mata. A wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ana yi ana kwarara ruwa, sannan a wuce asibiti a ranar, a fara allura, a kuma cika ta yadda likita ya tsara. Ba a ƙona gashin karen a shafa, ba a ɗaure wurin da ganye a zauna jira. Idan an san karen, a killace shi kwana 10 ana lura da shi, amma kada a ce sai an ga abin da ya same shi kafin a je asibiti. Karen da ka ga yana dalalar da yawu, muryarsa ta sauya, yana cizon itace da ƙarfe, ko haɓarsa ta saki ya yi shiru a kwance, kada ka matsa, kada ka bar yara su matsa. Sanar da mai unguwa da ma'aikatan asibitin dabbobi, aikinsu ne.

Bari in koma kan 'yan kwikwiyon nan. Na sa buhu a hannu na kwaso su cikin kwali. Da na isa gida Hajiya ta leƙa ta ce, "Ba dai a gidan nan ba, ɗan nan." Na ce, "Hajiya, ba za su tsallaka zaure ba, kangon da ke jikinmu zan kai su, riƙon ƙwarya ne kafin su yi ƙwari." Ta yi shiru. Washegari da asuba ita da kanta ta miƙo mini tsohon zane ta ce a shimfiɗa musu, ƙasa da sanyi. Wani likitan dabbobi da na nema ya ce in riƙa ba su nonon akuya mai ɗumi da sirinji marar allura, kaɗan-kaɗan, dare da rana, in kuma riƙa shafa musu mara da tsumma mai ɗumi bayan sun sha, domin a wannan shekarun uwa ce ke lasarsu kafin su iya fitsari da kashi. Ban taɓa sanin haka ba sai ranar. Biyu sun mutu a makon farko, na haƙa rami na binne su. Uku suka rayu. Da suka kai wata guda suka fara lasar koko, aka ba su maganin tsutsar ciki, da suka cika wata uku aka yi musu allurar haukan kare, aka ba ni kati.

Tun kafin su kai haka na fara nema musu wurin zama, don wannan shi ne rabin aikin da mutane ke mantawa. Ɗaya na ba wani Bafulatani da ke kawo nono unguwarmu, ɗaya maigadin wani gidan bulo ya karɓa. Na ukun na kai wa Kawuna a gonarsa ta hanyar Kaita. Ya juya shi ya duba ƙafafu da haƙora ya ce, "Ka kyauta, ɗana. Ba a kiwon kare ranar farauta." Kowannensu na kafa masa sharaɗi ɗaya: duk shekara za a maimaita allura, in kuma ya gaji da shi ya dawo mini da shi, kada ya sake shi a titi.

Saboda haka wanda zai ɗauka a cikinku, ya fara duba kansa. Kana da gona, ko garke, ko wurin da ke buƙatar gadi? Kana da inda zai kwana a waje, mai inuwa, nesa da wurin salla da kwanukan abinci? Za ka iya ciyar da shi shekara goma ko fiye, har lokacin da buhun masara ya yi tsada? Iyayenka da maƙwabtanka sun yarda? In karya ce, za ka iya tsare ta lokacin da take neman namiji, ko ka nemi shawarar likita, don kada ka ƙara wa titi wasu shida? In ka ɗauka, kwanonsa daban, ka wanke hannu da sabulu duk sanda ka taɓa shi, ka cire masa kaska, kada ka ba shi ƙashin kaza dafaffe ko abinci mai yawan albasa, suna yi masa illa. Kada ka ɗaure shi da guntuwar sarƙa a rana tun safe har dare, wannan ma azaba ce, kuma ita ke mayar da kare mugu. Kada kuma ka koya masa cuna a kan almajirai da masu wucewa, haƙƙin duk wanda ya ciza yana wuyanka.

Wanda ba shi da hali, babu wanda ya ɗora masa. Yanke tsohon galan gida biyu, ka zuba ruwa, ka ajiye a gindin bishiya nesa da ƙofar mutane, musamman daga Maris zuwa Mayu. In ka ga ƙannenka sun ɗebi duwatsu, ka tsawata musu, kai suke kallo. In aka turo maka bidiyon ana dukan dabba, kada ka tura wa na gaba.

Makon jiya na je gonar Kawu. Karen ya zama ƙato, ja mai farin wuya, tun daga nesa ya taho yana kaɗa wutsiya. Kawu ya ce tun da ya girma ba a ƙara ɗauke masa akuya ba, ya kuma ɗauko katin allurar daga cikin leda ya nuna mini, ya sa an rubuta masa watan da za a koma a jikin bangon ɗaki da gawayi. Yanzu haka akwai wata karyar da ta haihu a wani kango bayan makarantar allo ta unguwarmu, 'ya'ya huɗu, uwar na nan da ranta, na roƙi yara su ƙyale ta kuma sun ji. Nan da mako shida za su isa yaye. Wanda yake da gona ko garke, ko ya san mai buƙata, ya same ni a majalisa bayan la'asar.