Yatsana bai tsufa ba, a ƙyale ni da tsohuwar wayata

Makon jiya na kai wayata wurin masu gyara a gefen Kasuwar Dole don a sake mata batir. Shekararta shida a hannuna. Bayanta ya koɗe, kusurwa ɗaya ta ɗan fashe tun ranar da ta suɓuce mini a kan kabu-kabu. Yaron shagon ya juya ta, ya ga ɗan zagayen nan na baya inda ake ɗora yatsa, sai ya yi irin murmushin da ake yi wa tsohon da ya kawo gyaran rediyo mai kaset. "Baba, har yanzu dangwale kake yi? Ai yanzu kallon waya ake yi ta buɗe. Ka bar wannan ka yi ciko, mu ba ka ta zamani." Na ce masa batir na zo saya, ban zo neman shawara ba. Ya sa mini, na biya, na kama hanya. Amma maganar ta bi ni har gida, domin ba bakinsa kaɗai ke faɗinta ba. A kowace fada ta samari a Damagaram yau, mai dangwala yatsa a bayan waya shi ne ɗan ƙauye.

Duk mai bin labaran fasaha ya san inda iskar ta taso. A watan Fabrairun 2025 kamfanin Apple ya fito da iPhone 16e, ya janye iPhone SE daga kasuwa, wadda ita ce ta ƙarshe cikin wayoyinsa mai maɓallin karanta yatsa. Abin da ya kawo da ƙasaita a 2013 a kan iPhone 5s, ya fara juya masa baya a 2017 da iPhone X mai buɗewa da fuska, shi ne ya binne gaba ɗaya. Za a ce mutum nawa ne ke riƙe da iPhone daga Birni zuwa Garin Malam? Kaɗan ne. Tecno da Infinix da Itel da Samsung ne suka cika aljihunanmu, kuma ƙananansu har yau suna da wurin yatsa a maɓallin gefe. Sai dai abin da babba ya yi shi ƙanana ke kwaikwayo. Kana hawa sama a farashi, kana ganin an ɗauke makullin yatsa daga inda hannu ya san shi, an cusa shi ƙarƙashin gilashi, ko a yi ta tura ka ga kyamara. Daga nan maganar ta gangaro kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ta tsallako iyaka cikin kwali tare da kaya, ta sauka a bakin yaron da ya yi mini dariya.

To, bari mu dubi fuskar da ake cewa ita ce mabuɗi. Wace fuskar? A garin da dattijo ke naɗa rawani ya ja amawali har kan hanci? Je ka ƙofar fadar Sarkin Damagaram ranar hawan Salla ka ƙirga fuskokin da ke buɗe cikin masu sarauta. Shiga Zango ka ga Buzayen da suka sauko daga Tanut da Agadas, ido kawai ake gani. Ga mata masu niƙabi. Ga ɗan kabu-kabu da ke yini da takunkumi da baƙin tabarau saboda ƙura, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin da hazon hunturu ke rufe gari. Duk waɗannan, in za su amsa saƙo, sai su kwance abin da addini ko al'ada ko lafiya ta sa suka ɗaura, don wata na'ura ta gane su. Wanda ya zana wannan makulli bai taɓa tsayawa a bakin tashar Tanut da rana tsaka ba. Hujjata ita ce zamanin korona: sai da annoba ta tilasta wa Turawa rufe hanci da baki sannan Apple ya tuna akwai masu rufe fuska a duniya, kuma bai kawo gyaran ba sai Maris 2022, shekara biyu cur bayan ɓarkewar cutar, shi ma ga masu iPhone 12 zuwa sama kaɗai. Mu da muke rufe fuska tun kaka da kakanni ba mu isa a yi mana komai ba.

Kuma wannan maganar mai kyan ce, mai tsadar. Makullin fuska iri biyu ne, abin da masu sayarwa ba sa son faɗa. Na Apple yana watsa ɗigo-ɗigon haske sama da 30,000 da ido ba ya gani, ya auna tudu da kwarin fuska. Na yawancin wayoyin da ke kan teburan kasuwarmu kuwa kyamarar gaba ce kawai, wadda ake ɗaukar hoton kai da ita, tana kwatanta hoto da hoto. A 2023 ƙungiyar kare masu saye ta Birtaniya mai suna Which? ta gwada sabbin wayoyi 48, aka buɗe 19 daga cikinsu da hoton mai wayar da aka buga a takarda. Takarda fa! Mu kuma hotunanmu sun cika Facebook da WhatsApp, ga na fasfo a aljihun kowa. Su kansu wayoyin, in kana saita makullin fuska, suna rubuta maka da ƙananan baƙaƙe cewa bai kai lambar sirri ko yatsa tsaro ba. Wa ke karantawa? Yaron shago ne ke saita maka, ya danna "na yarda" a madadinka, ya miƙo maka.

Masu kare fuska suna da lissafin da suke so su jefa maka: Apple ya ce yiwuwar baƙo ya buɗe wayarka da fuskarsa ɗaya ce cikin miliyan, ta yatsa kuwa ɗaya cikin 50,000. Su ci gaba da karatu zuwa layin da ke ƙasa, inda kamfanin da kansa ya amsa cewa lissafin yana canzawa ga tagwaye, da ƴan'uwa masu kama, da yara ƴan ƙasa da shekara 13. A gidajenmu da uba ɗaya ke da ƴaƴa goma sha biyar, wasu kamar an tsaga kara, wanda kake tsoron ya leƙa maka waya ba baƙo ba ne daga cikin miliyan. Ƙanenka ne da kuke kwana ɗaki ɗaya. Zanen yatsa kuwa ko Hassan da Husaini ba su haɗa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar niyya. Ɗora yatsa aiki ne da mutum ke yi da ganganci. Fuska kuwa tana nan a waje kullum, ba ka iya sa ta aljihu. Wanda ya fizge wayarka ya ɗaga ta gabanka ya gama. A 2019 wayar Pixel 4 ta Google ta fito tana buɗewa ko idon mai ita a rufe, wato yana barci. Na san za a ce ai ana iya kama yatsan mai barci. Ana iya, amma sai an taɓa shi, kuma ba kowa ke barcin da za a ɗaga masa hannu bai farka ba. Da can abin da ke cikin waya bai wuce lambobin mutane da waƙoƙi ba. Yau a cikinta ake aika kuɗi ta Nita da Amana da Airtel Money, a cikinta ɗan kasuwa ke ajiye lissafin bashi, a cikinta sirrin aure yake. Ƙofar da ta fi ta ɗaki muhimmanci ce ake so mu bar wa kallo ɗaya.

Sai kuma ɗaya dabarar, wadda ake yaudarar mutane da ita cewa ai ba a cire yatsan ba, an dai mai da shi cikin gilashi. A yawancin wayoyi masu matsakaicin farashi, abin da ke faruwa shi ne gilashin yana haska yatsanka, wata ƙaramar kyamara a ƙasa ta ɗauki hotonsa. A ofis mai sanyi abin yana da ban sha'awa. Gwada shi a watan Afrilu a Damagaram, zafi ya haura 40, rana ta kashe hasken gilashin, ga gilashin kariya da ka liƙa wanda rairayi ya riga ya kakkarce. Ko a hunturu da fatar hannu ta bushe ta tsattsage. Ka danna, ta ce sake. Ka sake, ta ce danna da ƙarfi. A na biyar ta ce sa lambar sirri, kana tsaye mutane na bayanka suna kallon abin da kake bugawa. Har mai tsadar bai tsira ba: a Oktoban 2019 Samsung ya amsa cewa wasu robobin kariya suna sa Galaxy S10 ta buɗe wa kowane yatsa, sai da ya aika gyara.

Tambayi duk mai gyaran waya na gaskiya abin da ke biyo bayan fashewar gilashin. Irin gilashin da haske ke ratsawa har a karanta yatsa yana da tsada, wani lokaci kusan rabin kuɗin wayar. Abin da talaka ke iya saye shi ne na kwaikwayo mai araha, shi kuma da zarar an sa shi, makullin yatsan ya mutu murus. Waya tana aiki, tana kira, tana hoto, amma ba makulli. Tawa ta sha canjin gilashi sau biyu, ɗan zagayen bayanta bai ma san an yi ba, domin ba ruwansa da gaba. Ina zura hannu cikin aljihun riga, manuniyata ta faɗa ramin da kanta, kafin wayar ta iso gaban idona ta buɗe. Cikin duhu in an ɗauke wuta haka, a kan babur haka, da rawani haka.

Akwai kuma waɗanda masu zanen waya ba su taɓa sa wa a lissafi ba. Gwaggona tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ba ta yi boko ba, amma saƙon murya a WhatsApp ba wanda ya kai ta. An sa mata lambar sirri, ta manta. An sa mata zane, jikokinta suka haddace shi a yini ɗaya. Ranar da aka ɗauki yatsanta ta ce wannan kam ta san shi, ai shi take dangwalawa a wurin zaɓe da wurin karɓar takarda. Ga dubban irinta dangwale shi ne sa hannu, ba sai an koya musu ba. Ban ce ba shi da aibi ba. Hannu jiƙe bayan alwala ba ya buɗewa sai ka goge a riga. Sabon lalle mai kauri kan hana, haka hannun magini da siminti ya cinye. Maganin bai wuce a ɗauki yatsu uku ko huɗu ba, tunda wayar ta yarda. Fuska kuwa guda ɗaya Allah Ya ba kowa.

Hujja ɗaya ce ta masu sabuwar waya da ta cancanci a tsaya mata: tsohuwa tana daina samun gyare-gyaren tsaro, manhajoji su guje ta. Gaskiya ne, a 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da iPhone 6. Amma wa ya yanke wannan hukunci, tsufa ko kamfani? Yanzu Google da Samsung suna alƙawarin shekara bakwai ga manyan wayoyinsu, kuma tun Yunin 2025 Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da waya a ƙasashenta aƙalla shekara biyar na sabunta manhaja da shekara bakwai na kayan gyara. Ashe ana iyawa. Da can ma ana iyawa, riba ce ta hana. A yanka wa akuya jijiya sannan a ce ta gurgunce, ka sayi wata. Masu cewa kyamarar sabuwa ta fi kyau kuwa, Allah Ya ba su sa'ar hoto.

Kuma da wane kuɗin? A ƙasar da mafi ƙanƙantar albashi yake jika 42, a garin da ya ɗanɗana rufe iyaka da yanke wutar Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, ana zuga saurayi ya ba da lafiyayyar waya a rabin daraja, ya ci bashin ciko, don ya samu wadda zai kalla ta buɗe a gaban abokai. Wannan ba ci gaba ba ne, tallar banza ce aka sa mata rigar wayewa, kuma abin kunya ne a ce masu ilimin cikinmu, har da ɗaliban Jami'ar André Salifou, su ne kan gaba wajen yi wa na baya dariya maimakon su karanta musu ƙananan baƙaƙen nan.

Hukumar da ke kula da sadarwa za ta iya duba irin wayoyin da ake shigo mana da su, in ta ga dama. Ƴan kasuwa su rage tallar fuska su kawo mana batir na ƙwarai, ba irin wanda ke kumbura bayan wata biyu ba. Mai saye kuma, kafin ya ƙirga kuɗi, ya tambayi mai shago abu ɗaya: in gilashin nan ya fashe na sa mai araha, da me zan kulle ta? Na gwada tambayar a teburi uku a Kasuwar Dole bayan na karɓi wayata. Biyu suka ce ai ba ya fashewa. Na ukun ya jawo aljihun tebur, ya fito da tasa wayar da yake aiki da ita, sai ga ɗan zagaye a bayanta.