Ɗan wasan golf a PGA Tour ba ya cin albashi

Mutane da dama suna zaton duk wanda ya shiga gasar PGA Tour ta Amurka albashi yake karɓa kamar ɗan ƙwallon ƙafa. Ba haka abin yake ba: galibi abin da ya buga shi zai ci.

Yawancin gasa kwana huɗu ce, Alhamis zuwa Lahadi, ramuka 18 kowace rana. Bayan ramuka 36, ranar Juma'a, ake tankaɗe: mutum 65 na sama da waɗanda suka yi kunnen doki da na 65 su ci gaba, sauran su tattara kayansu ba ko sisi daga kuɗin gasar. Wanda ya lashe yakan ɗauki kashi 18 cikin 100.

Nan wahalar take. Kuɗin jirgi, otal, kuɗin koci da ladan mako na mai ɗaukar masa jakar sanduna duk daga aljihunsa suke fita, ko ya tsallake ko bai tsallake ba. Bugu ɗaya da ya goce wa bakin rami da yammacin Juma'a ya isa ya mayar da makon asara. Idan hakan ya yawaita, makinsa na FedExCup, wato makin da ake tarawa a tsawon kaka don jera 'yan wasa, ya yi ƙasa, katin izinin buga kaka mai zuwa ya suɓuce masa.