Kafa runfar zana ba faɗaɗa kwaleji ba ne

Yaron da zai shiga ajin sisiyem, ajin farko na kwaleji, a wata CEG (kwalejin gwamnati da ake shiga bayan firamare) ta Maradi ba daga sama yake faɗowa ba. Shekara shida ya yi a firamare, daga CI har CM2, sunansa na cikin rajista, kuma ofishin sufeto ya san yawansu aji-aji. Duk da haka, in Oktoba ta kama aka koma makaranta, sai a yi kamar baƙi ne suka yi sallama da tsakar dare. Direkta ya kira taron iyaye, kwamitin kula da makaranta, wato COGES, ya yanka wa kowa abin da zai bayar, a jira manoma su gama girbin hatsi a samu kara, a sayo zana, a kafa runfa a gefen fili. Daga nan sai a rubuta a rahoto cewa an ƙara aji.

A ganina ba a ƙara komai ba, an dai ɗage matsalar ne zuwa baɗi. Kwalejin da ɗalibai suka yi wa yawa gini take bukata, ginin da aka yi lissafinsa tun kafin yaran su iso.

Lissafin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2012 ta samu mutum miliyan 3.4 a jihar Maradi, birnin kansa yana da sama da 267,000. Binciken lafiyar iyali na wannan shekarar ya nuna mace a Nijar na haihuwar 'ya'ya 7.6 in an yi tsaka-tsaki, a jihar Maradi kuwa 8.4. Ƙidayar ta kuma nuna al'ummar ƙasar na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara, wato tana ninkawa cikin ƙasa da shekara ashirin. Jariran da aka ƙidaya suna goye a bayan iyayensu mata a 2012, su ne suka kai shekarun kwaleji yanzu, ƙannensu kuma suna tafe a baya, sun fi su yawa.

Wanda bai taɓa tsayawa cikin ajin zana ana karatu ba zai ɗauka ɗaki ne kamar kowane, sai dai ba siminti. Ba haka ba ne. Allon na jingine jikin dirka, in iska ta taso sai ɗalibi ya tashi ya riƙe shi. Wasu na kan benci, wasu kan tabarma ko buhun siminti da suka zo da shi daga gida, littafi a kan gwiwa. Malamin lissafi na bayani a nan, ta bayan zana kuma malamin Ingilishi ya sa nasa ajin maimaita jimla da ƙarfi, kowa na jin kowa, ba wanda ke fahimtar kowa. Da hunturu ƙura ke rufe takarda kafin a gama rubuta kwanan wata. In makarantar ba ta da katanga, awakin unguwa na shigowa da yamma su yi kiwo a jikin bangon ajin. Sannan shekarar karatunsa gajera ce ta kai da ƙafa: ba ya tsayuwa sai an samu kara, kuma hadarin farko na damina ke sallamarsa. Amma ɗalibin da ya yi karatu a ciki, takardar jarrabawar kammala kwaleji ta BEPC ɗaya za a miƙa masa da wanda ya yi wata tara cur cikin ɗakin siminti.

Mutanen Maradi ba sa bukatar a tuna musu sauran abin da zana ke yi. Ranar Litinin 8 ga Nuwamban 2021 wuta ta kama azuzuwan zana a makarantar firamare ta AFN, aƙalla yara 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. Watanni bakwai kafin nan, a Afrilu, irin wannan gobara ta ci yara kimanin 20 a unguwar Pays-Bas ta Yamai. Gwamnatin lokacin ta hana sa yaran rainon makaranta cikin zana, ta kuma ce akwai irin waɗannan azuzuwa kusan 36,000 a faɗin ƙasar da take son maye gurbinsu. Hanin bai haɗa da kwaleji ba. Wataƙila an yi tunanin ɗan shekara goma sha uku zai iya gudu. Allah Ya jiƙan yaran nan, Ya kiyaye na gaba.

Inda na fi son masu tsara gini su tsaya su yi tunani shi ne nan. Kwaleji shekara huɗu ce: sisiyem, sankiyem, katiriyem, turwaziyem. Duk wanda ya buɗe sabon sisiyem ɗaya bana, ɗaki huɗu ya ɗaukar wa kansa alkawari, ɗaya kowace shekara. In biyu ya buɗe, takwas ke nan. To amma shiga kwalejojinmu ka duba: sisiyem rututu, turwaziyem 'yan kaɗan. Mun saba da wannan siffar har mun ɗauka haka kwaleji take. Gaskiyar ita ce ginin da ke akwai yana isa ne kawai saboda yara da yawa na faɗuwa a hanya, wasu su maimaita aji har a kore su, wasu su kama sana'a a kasuwa ko tasha, 'yan mata a yi musu aure. Kuma cunkoson sisiyem ɗin na daga cikin abin da ke kayar da su. Yaro ya baro hannun malami ɗaya da ya san sunansa da gidansu, ya faɗo aji maƙil inda malamai ke shiga suna fita kowace awa, Faransancinsa bai nuna ba, yana zaune can baya ba ya ko ganin allo. Tsarin faɗaɗawa da ya ƙara sisiyem kawai, bai tanadi ɗakunan da ke biye ba, ya riga ya yanke hukuncin cewa yaran ba za su kai ƙarshe ba.

Sai batun wuri. A tsofaffin unguwannin cikin gari babu sauran fili, gidaje sun kewaye makarantu ta kowace kusurwa. Abin da ake yi shi ne a ci filin tsakar makaranta, yau runfa, gobe ɗaki ɗaya da wani mai hali ya gina sadaka a inda ya ga dama, har a wayi gari babu inda za a yi wasannin motsa jiki, babu inuwar bedi, babu hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi. A irin waɗannan kwalejoji shawarata ita ce a hau sama. A zuba tushen da zai ɗauki bene tun farko, ko da kuɗin bana na ƙasa kaɗai zai iya gamawa. Maradi garin 'yan kasuwa ne, benaye nawa alhazai suka ɗora shaguna da ɗakunan haya? Magina da ƙarfe da siminti duk akwai su a garin.

Na san amsar da za a ba ni: da babu gara ba daɗi, kuɗin ɗakin siminti ɗaya zai kafa runfuna da yawa, kuma ba za a bar yara a gida ana jiran bene ba. Akwai gaskiya a ciki, ba na cewa a rushe runfuna gobe da safe. Sai dai zana kowace shekara ake sayenta, daga aljihun iyaye mafi yawa, ba ta kuma barin komai bayan damina. Runfar da aka kafa da sunan wucin gadi ya kamata ta zo da ranar da za a cire ta, a rubuce. Akwai kuma masu cewa ƙauyuka sun fi birni bukata, wannan ma haka ne. Kwalejin da aka gina kusa da gida a Tibiri ko Madarunfa ko ƙauyukan Gidan Rumji tana rage yaran da ake turowa birni su zauna gidan dangi. Amma ba za ta rage waɗanda aka haifa a unguwannin Zariya da Ali Ɗan Sofo na cikin birnin ba.

Abin da ake fara yankewa in kuɗi ya gaza shi ne makewayi da famfo, kuma nan ne ake rasa 'yan mata. Shekarun kwaleji su ne shekarun da yarinya ke fara al'ada. In makewayin ɗaya ne da na maza, ƙofarsa a ɓalle, babu ruwa, za ta zauna gida kwanakin nan kowane wata, kuma ba za ta gaya wa direkta dalili ba. A jihar da binciken 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma an aurar da su kafin su cika shekara 18, fashin 'yan kwanaki kan zama hujjar cire yarinya gaba ɗaya. Dokar da gwamnati ta sa wa hannu a Disamban 2017 don kare karatun 'ya'ya mata ba za ta yi aiki a makarantar da yarinya ba ta da inda za ta kewaya ba.

Malamai ma haka. A firamare sabon aji malami ɗaya yake nema, a kwaleji kuwa awoyi yake nema daga malamin Faransanci, na lissafi, na Ingilishi, na tarihi, na kimiyya. In ba a turo ƙari ba, 'yan kwantaragin da ke nan za a ɗora wa, ko kuma ajin ya wuni ba malami. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan cikin gari tana yaye masu digirin kimiyya, a ɗauke su tare da ba da kwangilar gini, ba bayan an yanke kirtani ba.

A sabbin unguwannin bakin gari kuwa, inda ake ta yanka filaye, aikin ya fi sauƙi, in an yi shi yau. Filin da aka ware wa makaranta a taswira, ma'aikatar magajin gari ta fitar da takardarsa, a ba COGES kwafi, a kewaye shi ko da da tubalin ƙasa ne, kafin wani ya zo ya zuba yashi da bulo a kusurwa ya ce saya ya yi.