Sati Uku Ina Taya Jirgin Ruwa, Na Ƙare a Ɗaki Marar Taga

Shekara ashirin da shida ke nan ina sayar da shadda da atamfa a Kantin Kwari, kuma a tsawon wannan lokaci ban taɓa sayen dila ba sai na zaga shago aƙalla biyar, na murza yadi tsakanin yatsuna, na ɗaga shi na duba a hasken rana, sannan na taya. Saboda haka, ranar da uwargida ta tuna mini alkawarin da na yi mata tun shekarar da muka aurar da 'yarmu ta fari, cewa zan kai ta hutu inda babu girki kuma babu baƙi, ta kuma ƙara da cewa a cikin jirgin ruwa take so a yi hutun, ko ɗar ban ji ba. Na ɗauka ciniki ne kamar kowane ciniki. Na sayi sabon littafi mai bango mai kauri, na raba kowane shafi gida huɗu, sannan na umarci autanmu ya riƙa kawo mini kwamfutarsa kullum bayan sallar isha'i.

Da manya na fara, kamar yadda ake fara taya babbar shadda ko da ba ita za a saya ba. Kamfanin Royal Caribbean yana da jirgi mai suna Icon of the Seas, wanda ya fara aiki a 2024, tsawonsa kimanin mita 365, yana kuma iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000, wato unguwa guda ce aka cicciɓa aka ɗora a kan ruwa. Na yaba, amma da na ji daga Miami yake tashi, na tuna wahalar bizar Amurka, sai na ja masa layi. Na koma kan Cunard, tsohon kamfanin da ya fara ƙetare teku tun 1840, wanda jirginsa Queen Mary 2 ke yin kwana bakwai daga Southampton zuwa New York ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Yaron ya ce a wasu darare sai mutum ya ci ado kafin ya shiga ɗakin cin abinci, na ce wannan ba abin tsoro ba ne ga mai babbar riga 'yar Dikwa. Abin da ya ɓata cinikin shi ne surutun yaron, domin ba tare da an tambaye shi ba ya ce ai Titanic ma daga Southampton ya tashi zai je New York a 1912. Uwargida tana daga cikin ɗaki ta ce a ja wa wannan layi biyu.

A sati na biyu na shiga kamfanonin da ke zaga Bahar Rum. Da na ga sunan MSC sai na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha, domin shi ne sunan da nake gani a jikin kwantenonin da ke sauka a Apapa, kuma ashe gida ɗaya ne, na wasu iyali 'yan asalin Italiya, wanda hedkwatarsa ke Geneva, a ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku. Na rubuta Costa na birnin Genoa, na rubuta Norwegian wanda ke alfahari da cewa ba ya ƙayyade wa fasinja lokacin cin abinci, na rubuta Carnival. Kwana biyu na yi ina gwada Costa da Carnival kamar kishiyoyi, kafin na gano cewa su biyun da Cunard duk uban gida ɗaya gare su. Wannan kam bai ba ni mamaki ba, domin a Kwari ma mutum yakan fita daga shago cikin fushi ya shiga na gaba, bai san cewa kuɗinsa aljihu ɗaya za su faɗa ba.

Duk wannan bincike, ban da maganar Titanic, sau biyu kacal uwargida ta sa baki. Na farko, ta ce ta ji labarin Aroya, jirgin Saudiyya da ya fara tashi daga Jidda a ƙarshen 2024, wanda babu giya babu caca a cikinsa, ga abinci na halal, ga damar a haɗa da Umara. Na ce mata Jidda mun sha zuwa, hutu kuwa sai inda ido bai saba ba. Na biyu, ta leƙo tana goge hannu ta ce, "Malam, ni dai ko wanne ka zaɓa, a samu taga." Na amsa da kai kawai, saboda a lokacin idona yana kan wani farashi da ya gaza duk na cikin littafina da kusan rabi.

Ba zan faɗi sunan kamfanin da na zaɓa ba, domin babu abin da suka ɓoye mini. Komai yana rubuce, ni ne ban karanta ba. Kwana bakwai ne daga Barcelona, a bi ta Marseille, a je Rum da Naples, a dawo, a cikin watan Nuwamba. Autan ya ce, "Baba, akwai ɗan tauraro a jikin kuɗin nan, kuma akwai ƙananan rubutu a ƙasa." Na ce masa tun kafin a haife shi nake ciniki. Sai da muka zo biya na ga adadin ya ninka, domin abin da tauraron ke nufi shi ne farashin na mutum ɗaya ne, da sharaɗin mutum biyu za su kwana a ɗakin, ga kuma harajin tashoshi a kai. Ɗan kasuwa idan ya yi asara a gaba yakan nemi cikewa a baya, don haka na sauko daga ɗaki mai baranda, na tsallake mai taga, na dira a kan mafi araha, irin wanda kamfani ne da kansa zai zaɓar maka inda za ka kwana. Na rufe littafi ina jin cewa na kayar da Turawa a kasuwarsu. Ban tambayi kaina dalilin da ya sa Nuwamba ta fi Yuli araha ba, ni da na san abin da ke sa a karya farashin yadi.

Bayan an sha jeka-ka-dawo a kan bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai, muka isa Barcelona, aka ba kowannenmu kati guda wanda shi ne makullin ɗaki, shi ne kuma kuɗi, domin a cikin jirgi ba a ciniki da tsaba. Muka bi wani lungu mai shimfiɗe da darduma muna tafiya har na fara zaton mun wuce jirgin, sannan muka iske ɗakinmu can a goshinsa. Ɗaki ne mai tsabta, ga gado, ga talabijin, ga wani labule mai kyau daga sama har ƙasa. Uwargida ta ajiye jaka, ta nufi labulen da fara'a, ta yaye shi. Bango ne. Ta tsaya tana kallon bangon na ɗan lokaci, sannan ta mayar da labulen a hankali ta gyara masa zama, ba ta ce uffan ba, kuma duk wanda ya yi shekara talatin da aure ya san cewa gara a yi masa faɗa da irin wannan shiru.

Kafin jirgi ya tashi aka busa ƙaho gajere sau bakwai da dogo sau ɗaya, aka nuna mana wurin taruwa da yadda ake ɗaura rigar ceto, wadda na gwada a kan babbar riga na koma kamar buhun auduga. Da dare muka ci kifi muka kwanta lafiya. Wajen ƙarfe biyu na farka na ji gado yana ɗaga ni sama sannu a hankali, yana ɗan tsayawa kamar mai tunani, sannan ya sake ni. Tsakanin Barcelona da Marseille akwai wani yanki na teku da ake kira Gulf of Lion, inda wata iska mai sanyi da Faransawa ke kira mistral take gangarowa daga kwarin kogin Rhône ta tayar da ruwa, musamman a lokacin sanyi. A littafina na rubuta da hannuna cewa manyan jirage suna da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu hana tangaɗi, amma ban kai ga layin da ke bayanin cewa tangaɗin gefe da gefe suke ragewa ba, ɗagawa da saukar goshin jirgi kuwa ba su da iko a kansa. Masu wayo tsakiyar jirgi suke nema, a hawa na ƙasa. Ni da ban taɓa hawa ruwan da ya wuce kwalekwalen madatsar Tiga ba, ga ni a daidai wurin da ya fi ko'ina rawa. Kifin da na ci bai kwana tare da ni ba.

Duhun ɗaki marar taga ba irin duhun da muka sani ba ne idan an ɗauke wuta, domin babu ko ɗigon haske da zai gaya maka gari ya waye. Na samu barci da ƙyar, na tashi ina lalube ina cewa uwargida ta tashi kada asuba ta wuce mu, sai na ji babu kowa a gadon, na duba agogo na ga ƙarfe goma saura. Ga kuma batun alƙibla. Na ɗora waya a kan sallaya, allurar manhaja ta yi ta juyawa saboda ƙarfen da ya kewaye mu, kuma ko da ta tsaya, jirgin ba ya tsayawa. A ƙarshe wani ma'aikaci ɗan Indonesiya, Musulmi, wanda ke gyara mana ɗaki, shi ya nuna mini tasha a talabijin da ke nuna taswirar inda jirgi ya dosa, da wata da ke nuna abin da kyamarar goshin jirgi take gani. Da ta farkon nake ƙiyasta gabas, na yi salla a zaune, da ta biyun kuwa nake gane ko rana ta fito. Wannan tasha ita ce ta zama tagar da na yi wa uwargida alkawari, sai dai ni kaɗai nake leƙa ta.

Ita kuwa baiwar Allah, wadda ba ta gwada kamfani ko ɗaya ba, ko jiri ba ta ji ba. Tun da safe take fita ta hau can sama inda ake ganin teku ta ko'ina, har ta yi ƙawaye da wasu mata 'yan Maroko, suna hira da guntun Larabcin Islamiyya da nuni da hannu. Takan dawo ta jiƙa mini citta da ta ƙunso daga gida, ta ba ni labarin faɗuwar rana, sannan ta tambaye ni cikin ladabi ko an nuna ta a tashata. A rana ta biyu da citta ta gaza, ta raka ni wurin likitan jirgi, aka yi mini allura, aka karɓi katina aka goga, na yi godiya har da addu'a saboda na ɗauka cikin kuɗin ɗaki ne.

Na warware a daidai ranar Rum, na ci ado na fito ina neman birni, sai na ga tasha da kwantenoni. Sunan wurin Civitavecchia, kuma tsakaninsa da Rum akwai tafiyar kusan kilomita 80, kamar a ce za a kai ka Kano a sauke ka can gaba da Wudil. Motar zuwa birnin ma da kuɗinta daban. Na goga kati.

A daren ƙarshe aka zuro takarda ta ƙarƙashin ƙofa. Akwai kuɗin hidimar ma'aikata, fiye da yuro 10 a kan kowane mutum a kowane dare, akwai intanet da na saya don in riƙa duba shago, akwai ruwan gora, akwai lemo da shayin da uwargida ta yi wa ƙawayenta karamci da su, akwai hotunan da wani saurayi mai fara'a ya riƙa ɗaukar mu, akwai motar Rum, sannan ga allura, wadda kuɗinta zai sayi turmin atamfa mai daraja har da canji. Na ɗauki takardar na sauka wurin karɓar baƙi da niyyar a zauna a daidaita, na ce wa yarinyar da ke wurin ta faɗi gaskiyar abin da za a sallama. Ta yi murmushi ta sake buga mini takardar, adadin bai ragu da ko sisi ba. Da na koma ɗaki na buɗe littafina na haɗa lissafi, na tarar jimlar ta haura farashin wani ɗaki mai baranda a tsakiyar jirgi, haɗe da abin sha da kuɗin hidima, wanda na ja wa layi a shafi na tara na rubuta a gefensa cewa wannan cuta ce. Araha ba ta ado, ni nake faɗa wa masu saye haka kullum.

Mun dawo Kano da kwana biyu ƙasa ba ta daina motsi a ƙarƙashin ƙafata ba, har a sahun magariba maƙwabcina ya riƙe mini gefen riga yana zaton hawan jini ne. Bayan an idar, jama'a suka biyo ni zaure suna tambayar wane kamfani ya fi, ni kuwa na ɗauko littafi na gyara zama, na fara daga Miami na gangaro Geneva, ina ba da shawarar a nemi tsakiyar jirgi, a guji Nuwamba, a kuma kula da ɗan tauraro. Wani dattijo ya katse ni ya ce shi ba wannan ya dame shi ba, so yake in gaya masa yadda teku take idan rana za ta faɗi. Na buɗe baki ke nan sai autan ya shigo da tiren shayi, ya durƙusa ya ajiye, ya ce, "Baba, Mama ta ce idan hoton teku ake nema yana cikin wayarta, kuma wai a tambaye ka ko ka gama da littafin, tana so ta fara duba na baɗi."