Shari'ar da mai ita bai ji ba

Abin da ya faru da yaron nan na unguwarmu a kotu a nan Yamai, kun riga kun ji. An karanta hukunci da Faransanci, aka tashi, shi kuwa yana tsaye yana waige-waige. Sai da jandarma ya kama hannunsa sannan ya tambaya: "Me suka ce?" Shekarun ransa aka yanke, bai ji ko kalma ɗaya ba. Wallahi wannan zalunci ne, ko da ya aikata abin.

Yanzu ana ta muhawara, a sa talakawa masu taya alƙali yanke hukunci a manyan laifuka, ko a bar wa alƙalai kaɗai. Masu ilimin cikinmu na kawo misalin Faransa, inda alƙalai 3 ke zama da mutanen gari 6, kuma tun 2023 laifukan da hukuncinsu ke kai shekara 15 ko 20 alƙalai 5 ke yankewa su kaɗai. To mun ji. Amma a can wanda ake tuhuma yana jin harshen alƙalinsa. Namu fa?

A fara da harshe. Dokar tsarin shari'ar laifuka an kafa mana ita ne a 1961, shekara ɗaya bayan tafiyar Nasara. A 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Me ya hana wannan ya shiga ɗakin shari'a? In za a zaɓo masu taya alƙali daga masu jin Faransanci kawai, an bar manomi, an bar mai sayar da kilishi, an bar uwar gida. Talakawan ina aka sa ke nan?

Za ku ce akwai tafinta. Na ga tafinta. Lauya ya yi dogon bayani har gumi na zuba, tafinta ya juyo ya ce: "Wai ka amsa laifinka?" Shi ke nan. Za ku ce harsunanmu da yawa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek, Barbarci. Sai a horar da tafintoci, a biya su, a rantsar da su, a naɗi muryarsu. Mutum ya ji abin da ake faɗa a kansa, kalma da kalma, kafin a rufe shi.

Kuma don Allah a kafa wa iyayen nan mata rumfa a ƙofar gidan kaso. Tun hantsi suke layi da kwanon tuwo a ka, cikin ranar Afrilu, ba wurin zama.