Ku faɗa wa iyayensu inda suke

Wai "su suka jawo wa kansu." Abin da wani dattijo mai furfura da jikoki ya rubuto mini ke nan kan yaran da aka kwashe ranar Asabar a garin Bauchi. Madalla, Alhaji, Allah ya ƙara basira. Yara sun ɗaga kwali sun ce abinci ya yi tsada, ba su fasa shagon kowa ba, ko taya ba su ƙona ba, aka zuba su a bayan mota har da mai rake da ya tsaya kallo. Har yau babu wanda ya san ɗakin da suke kwana, amma kai abin da ya dame ka shi ne wa ya aike su.

Ni ban ma kai ga maganar saki ba tukuna. Tambayata ɗaya ce: suna ina?

Mahaifiyar ɗaya daga cikinsu 'yar unguwarmu ce a Jahun. Kullum da safe za ta fita da kular tuwo, daga wannan ofis zuwa wancan. "Ba ya nan, Hajiya, ki gwada can." Can kuma a ce ba a taɓa jin sunan ba. Da la'asar ta dawo da kular a rufe, ta juye wa almajirai. Lauya ya je, an ce oga ba ya nan. Wayar yaron a kashe.

Ku da kuke cewa doka ce ke aikinta, wace dokar? Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 cewa ya yi a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu a ba shi kwana biyu. A cikin garin Bauchi kotu ce ta yi ƙaranci? Sashe na 40 ya ba kowa damar taro cikin lumana. Dokar hana azabtarwa da Buhari ya sa wa hannu a 2017 ta haramta tsare mutum a ɓoye ba tare da kowa ya gan shi ba, kuma ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya azabtar. Ba ni na rubuta ba. Su suka rubuta, su suka sa hannu, su suka yi hoto.

Kuma kowa ya san dalilin ɓoyewar. Yaron da uwarsa za ta gani gobe, ana shakkar fasa masa baki. Wanda babu sunansa a littafin kowa, shi ake ratayewa, shi ake hana barci, shi ake miƙa wa takarda da ƙarfe biyun dare a ce sa hannu. Bayan wata guda sai a fito da shi gaban kyamara a ce ya amsa laifinsa da bakinsa. In an matse ka yadda ya kamata, kai ma sai ka amsa cewa kai ka haƙa Tafkin Chadi.

Mun manta 2024 ne? Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Amnesty ta ce an tsare mutum sama da 1,200. Sai ranar 1 ga Nuwamba muka ga ƙananan yara a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, ƙasusuwan wuya a waje, wasu suna zubewa ƙasa, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa, beli naira miliyan 10 kowanne. Wata uku suna hannu. Da bidiyon bai fita ba, wa zai tuna da su? Kwana kaɗan Tinubu ya ce a sake su, aka kai su fadar gwamnati ana murmushi. Dadiyata kuwa, malamin nan mai sukar gwamnati a soshiyal midiya, tun Agustan 2019 aka ɗauke shi a gidansa a Kaduna, iyalinsa na nan da wannan tambayar.

"Ai akwai 'yan daba a cikinsu." To, a kai su kotu, alƙali ya tace. "Ai 'yan siyasa ne suka biya su." A kai su kotu. "Ai harkar tsaro ce, ba ka gane ba." Na yarda ban gane ba, amma a faɗa wa iyayensu inda suke. Ko wanda ya yi kisa ana barin a kai masa abinci. Wallahi ba neman suna nake yi ba, matar nan ta rame, hawan jininta ya tashi, kuma abin da take roƙo bai wuce ta ga fuskar ɗanta ba.

Af, masu shigo mini akwatin saƙo kuna cewa in goge kafin a zo kaina, na gode da ƙauna. Amma ku ma ku daina turo mini bidiyon wa'azin haƙuri da ƙarfe ɗayan dare, data ta yi tsada.